Taubashina Sule da Awarwaron Kaka Delu

Shekara tara ke nan cif da muka kai Alhaji Sule makwancinsa a nan Daura, kuma har yau ban gama jin haushinsa ba. Na san ba a faɗar haka a kan mamaci. Na kuma san masu irin wannan rubutu sukan cika shafi da cewa marigayi mutum ne mai haƙuri da son zumunci. Zumunci kam Sule yana da shi, amma haƙuri bai san ko a wace kasuwa ake sayar da shi ba. Ni ina da ikon faɗar haka domin taubashina ne, mahaifinsa da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito. Tun muna yawo ba wando yake ce mini bawansa, ni ma ina ce masa nawa, kuma ba mu taɓa raba wannan gardama ba. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa, Ya yafe mini nawa kason laifin, wanda ya fi nasa nauyi.

Sule malamin gona ne. Ya yi aiki a Baure da Mai'adua da ƙauyukan bakin iyaka, yana yawo a kan babur yana koya wa manoma yadda ake sa taki da feshi. Ni kuma malamin firamare ne har na yi ritaya. Sa'o'inmu wasu shanu suka tara, wasu filaye. Shi kayan sauti ya tara. A shigifar gidansa ya ware ɗaki guda, ya sa amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, wadda sai mutum biyu ke ɗaga ta, da sifika biyu na katako da suka kai ƙugun mutum, da garmaho, da wata rikoda mai faifan zare biyu da ya saya a hannun wani Baturen gona da zai koma ƙasarsu. Ya rataya tabarmi a bango don kada sauti ya riƙa dawowa. Ya auna tsakiyar ɗakin da igiya, ya ɗiga fenti a siminti, ya ce nan ne wurin kujera, kuma wanda ya gusar da ita ko da taƙi ɗaya ne sai ya ji ba daɗi. Duk Juma'a bayan la'asar muke taruwa mu biyar ko shida. Ba a tari a ɗakin, ba a ɓare gyaɗa, ba a jan carbi mai ƙara.

Kunne kuwa Allah Ya ba shi. Sai a sa faifan garaya ya ce tsirkiya ɗaya ta yi sako-sako. A sa na kalangu ya ce fatar ta sha raɓa kafin a kaɗa. Ni nakan ce masa ƙarya yake yi, yana so ne a ce ya fi mu. A raina na san ba ƙarya ba ce.

Cikin duk abin da ke ɗakin nan, abu ɗaya ne namu mu duka. Kakarmu Delu, wadda ta haifi mahaifinsa da mahaifiyata, a garin Babban Mutum ta ƙare rayuwarta. Idan tana niƙa takan yi wata waƙa mai tsawo, tana jero sunayen kakanninmu ɗaya bayan ɗaya, da garuruwan da suka baro a ƙetaren iyaka, da rijiyoyin da suka shayar da dabbobi a hanya. Ba ta yin ta a gaban maza. Sai Sule, yana saurayi lokacin, ya ɗauro rikodar nan da batirin mota a bayan babur, ya laɓe bayan zana, ya zura makirfo ta ƙarƙashi. Ya ɗauko kusan rabin sa'a ba ta sani ba. Da daminar da ta biyo baya ta rasu. Ba ta bar hoto ko ɗaya ba, domin ba ta yarda da mai hoto. Wannan zaren shi ne duk abin da ya rage mana nata.

A cikinsa ana jin gurzar dutse, ana jin numfashinta, ana jin wata kaza da ta ƙi yin shiru. Sannan ana jin awarwaronta na azurfa, duk turawa ɗaya sai su yi wata siririyar ƙara mai daɗi. Da awarwaron nan Sule yake gwada kowace na'ura. Idan aka kawo masa sifika sai ya sa zaren Kaka, in awarwaro ba su fito sarai ba ya ce gwangwani ce, a mayar wa mai ita. Shekara da shekaru muna jin waƙar nan, ba wanda ya ɗauki biro ya rubuta sunayen. Me za a rubuta, ga shi a zare? Har da ni, da na ƙare rayuwata ina sa 'ya'yan mutane kwafar abin da ke kan allo.

Abin ya fara ne bayan ya haura sittin da 'yan kai. Ya soma cewa mutanen yanzu cinye magana suke yi, ba sa buɗe baki. Jikokinsa mata su gaishe shi, ya ce ba su da tarbiyya, sun wuce shi kamar kututture. Wata Juma'a muna zaune ya sa zaren Kaka, can sai ya miƙe ya tsayar da shi, ya ce, "Awarwaron sun tafi." Mu biyar muna zaune, kowannenmu ya ji su tas kamar kullum. Ya ce zafin Daura ne ya cinye zaren, dama ya san ba zai dawwama ba. Muka dubi juna, muka dubi ƙasa. Wani ma cewa ya yi, lalle zafin bana ya yi yawa.

Daga baya wani likita da muke sallah masallaci ɗaya ya yi mini bayanin abin a sauƙaƙe. Ya ce kunne idan ya tsufa siraran sautuka yake fara saki, masu kauri su rage. Ba ciwo, ba ruwa, ba jini, shi ya sa mutum ba ya zargin kansa, sai ya zargi duniya. Haka Sule ya yi. Ya goge kan rikoda da auduga, ya canza wayoyi, ya sake auna ɗaki. Daga ƙarshe ya je wurin Emeka, wani Inyamuri mai shagon kayan gyaran rediyo da suka yi shekara ashirin suna hulɗa, ya ce a ba shi sababbin ƙananan sifika masu fitar da siririn sauti. Emeka ya biyo shi har gida, ya saurara, ya ce, "Alhaji, kayanka lafiya lau suke, ni ina jin komai. Ka je asibiti a duba maka kunne." Daga ranar Sule bai sake taka shagonsa ba. Mu kuma muka taya shi, muka ce ai su dama ba su san yadda ake yi wa babba magana ba. Da bakina na faɗi haka. Mutumin ya ƙi sayar da kayansa don ya faɗi gaskiya, mu muka kira shi marar kunya.

Sai Sule ya yanke shawarar ceto muryar Kaka kafin ta ƙarasa mutuwa. Zai juye ta a sababbin kaset, yana murɗa maɓallin siranta sauti da na ƙarfin ɗauka har sai awarwaro sun dawo. Da kunnensa zai auna, ba da na kowa ba, domin a duk faɗin ƙasar Daura wa ya kai shi kunne?

Ana gobe zai fara, matarsa Hajiya Rabi ta zo gidana da hantsi, abin da ba ta saba ba. Ta zauna bakin tabarma ta ce, "Malam Idi, kai kaɗai ne za ka iya. Ni ko sunansa ba na faɗa, ta ina zan buɗe baki in ce masa kunnensa ya tafi? Yaran kuwa ba sa ɗaga ido a gabansa. Kai ne abokin wasansa, ba abin da ba ka faɗa masa." Gaskiya ta faɗa. A gidajenmu mata ba ta gyara wa miji irin wannan, ɗa ba ya gyara wa uba, ƙane ba ya gyara wa wa. Taubashi kaɗai aka bar wa ƙofa a buɗe. Na bugi ƙirji na ce ta kwantar da hankalinta, aikin ya zo hannun mai shi.

Washegari na same shi a ɗakin ya riga ya fara. Tun daga zaure na ji abin. Kamar an watsa ruwa a tafasasshen mai, ga kuma wani siririn fito yana huda kai, muryar Kaka tana can ƙarƙashi duk ta farfashe. Shi kuwa yana kan kujerarsa, idonsa ya kawo ruwa, yana murmushi. Ya ce, "Idi, ka ji? Sun dawo."

Na ce, "Sule, zaren nan ba abin da ya same shi. Kai ne ka kurumce."

Ya tuntsire da dariya, ya ce, "Bawa ya fara raina ubangidansa. Kai da ko kiran sallah sai an taɓa ka kake ji."

Ni ma sai na yi dariya.

A nan na yi ɓarnar. Shekara sittin ina ce masa kurma, makaho, ɓarawon kaji, wanda aka tsinto a bola. Kalmar ba ta da sauran nauyi a bakina. Abin da ake buƙata in ja kujera in zauna, in ɗaure fuska, in kama hannunsa in ce wallahi tallahi ba wasa nake yi ba, a kira Rabi da yara a tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Ban yi ba. Na sha gaya wa kaina cewa tausayinsa na ji, ganin yadda yake murna. Akwai wannan, amma ba shi ne babba ba. Tsoro na ji. Na ga abin da ya sami Emeka, kuma ban san yadda ake yi wa Sule magana ba da wasa ba, ban taɓa yi ba ko sau ɗaya. Na ji kamar idan na yi, wasan ya mutu ke nan, kuma ban san abin da zai rage tsakaninmu ba. Na fito na tarar da Hajiya Rabi a tsakar gida tana jira, na ce mata na faɗa masa. Ban yi mata ƙarya ba, kuma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai wannan muni ba.

Ya gama aikinsa cikin mako biyu. Ya rubuta wa kowane kaset suna da kyakkyawan rubutunsa na ma'aikacin gwamnati, da Sallah ƙarama ya bi gidajen dangi yana rabawa. Kowa ya karɓa da hannu biyu, ya sa albarka. Ba na jin akwai wanda ya kunna nasa sau biyu. Muka riƙa lallashin kanmu da cewa ai na asalin yana nan cikin akwatin ƙarfe, wata rana yara za su sake juyewa yadda ya kamata. Ba wanda ya ce a ɗauke shi a ɓoye. Wa zai shiga ɗakin Alhaji ya taɓa masa kaya?

A daminar shekarar tsuntsaye suka yi wa gero caa a wajen Babban Mutum. Manomanmu suna da dabara, wadda Sule da kansa ya koya wa da yawansu: a warware zaren tsohon kaset a ja shi daga wannan turke zuwa wancan a saman gona, iska na kaɗa shi yana walƙiya yana kuka, tsuntsu ya ji tsoron sauka. Wani ɗan'uwanmu manomi ya zo Daura neman tsofaffin kaset. Sule ya cika masa kwali, ya haɗa masa har da faifan zaren nan, ya ce matattu ne, ya riga ya kwashe abin da ke ciki, gara su yi amfani.

Ban sani ba sai da na je bikin suna a garin. Ina wucewa ta gefen gonar na ga zare mai faɗi, ba irin na kaset ba, an ja shi layi-layi a kan gero. A kan wani turke an rataye faifan, ba komai a jikinsa, ga rubutun Sule: Kaka Delu, niƙa. Na daɗe a tsaye. Na shiga gonar da babbar rigata ina tsinko abin da zan iya, amma rana da ruwa sun riga sun gama da shi, ina taɓawa yana kakkaryewa. Geron ya yi kyau ƙwarai a shekarar. Da kaka aka aiko mini dami biyu, na ce a kai wa maƙwabta.

Ban gaya wa Sule ba, kuma ba wanda ya gaya masa. Ya ci gaba da zaman Juma'arsa, masu zuwa suna raguwa saboda ƙarar ta fi ƙarfin kai, shi kuma yana cewa mutane sun daina son abu mai kyau. Bayan shekara uku babban ɗansa ya yi ta maza, ya fake da cewa za a duba masa hawan jini, ya kai shi Kano, suka dawo da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a kunne. Abin da ya biyo baya Hajiya Rabi ce ta ba ni labari bayan rasuwarsa. Ta ce ran da suka dawo ya shiga ɗakin da na'urar a kunnensa, ya sa kaset ɗin Kaka. Bai yi minti biyu ba ya kashe. Ta leƙa ta gan shi durƙushe gaban akwatin ƙarfen, ya buɗe shi, ba komai a ciki. Ya cire na'urar ya jefa cikin aljihun tebur, ya ce da ita abin banza ne, kamar mutum ya sa kansa cikin garwa. Bai sake sa ta ba, bai kuma sake buɗe ɗakin ranar Juma'a ba.

Ni abin da na gani da idona shi ne, da na je gaishe shi bayan kwana biyu, na shiga ina cewa ina tsohon bawan nan nawa, sai ya gyara zama ya ce, "Sannu da zuwa, Malam Idi. Ya iyali?" Ya sa aka kawo mini ruwa a kofin baƙi. Da na tashi ya rako ni har ƙofar gida. Tun da uwata ta haife ni Sule bai taɓa ce mini Malam ba. Haka ya yi ta girmama ni har shekara guda, har ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Da zagina ya yi a tsakiyar kasuwa da ya fi mini sauƙi. Wannan shi ne haushin da nake ji nasa: ya san abin da na yi, ya ƙi ba ni damar ko da neman gafara, ni kuma ban sami ƙarfin halin fara maganar ba. Wasan da na yi shiru don kada ya mutu, ya mutu duk da haka, ya tafi da muryar Kaka.

Wani lokaci nakan ce da zai leƙo yau, me zai ce? Zai ga samari kowa ya toshe kunne da 'yan abubuwan nan na waya, suna ɗura wa kansu ƙara tun safe, suna saurin isa inda shi ya ɗauki shekara sittin kafin ya isa. Zai ji sifikun gidan biki da ke girgiza katanga, ba a jin kalma ɗaya ta mawaƙin. Zai ga ana jin garaya ta 'yar ƙofar waya da ba ta kai ƙwayar wake ba, ana cewa ta yi daɗi. Na san tsaki zai ja. Amma ni ba na jin muna da bakin yi wa yaran dariya. Su ko kukan akuya suka ɗauka sai sun tura wa mutum goma, ba ya ɓata. Mu da muka san darajar sauti, muka auna ɗaki da igiya, abu ɗaya tak aka ba mu ajiya, muka kore tsuntsu da shi saboda ladabi.

Ɗansa ya kai kaset ɗin wurin masu kwamfuta a Kano ko za su iya tace shi. Suka yi iya yinsu, karin waƙar ya ɗan fito, kalmomin ba su fito ba. Mun taɓa zama mu tsofaffin dangi don mu haɗa sunayen da ka. Muka samo bakwai, muka yi gardama a kan wanda ya haifi wani, aka tashi ba a daidaita ba. Biyu daga cikin waɗanda suka yi zaman sun rasu tun daga lokacin.

To me ya rage na Sule? Manoman Baure har yanzu suna ambatonsa da alheri. 'Ya'yansa sun tashi da natsuwa, suna riƙe da mahaifiyarsu. Kuma in za a yi adalci, ba don shi ba da babu wanda zai taɓa jin waƙar nan bayan Kaka, shi ya laɓe bayan zana lokacin da mu muke ganin abin shirme ne. Shi ya samo, shi ya ɓatar, mu muka tsaya muna kallo da hannu a baya. Kayan sautin kuwa ba wanda ya so su cikin magada. Hajiya Rabi ta sa aka loda su a kura aka kawo gidana, ba tare da wani saƙo ba. Har yau ban sani ba ko kyauta ce ko hukunci.

Sun yi shekaru a rufe da zane. Watan jiya, da na ga lokacin rasuwarsa ya kusa zagayowa, na sa aka haɗa mini su, na ɗauko kaset ɗina na sa, na shirya wa ƙarar da na sani. Sai ban ji ta ba. Fiton nan mai huda kai babu shi. Tafasar man ta koma 'yar shiiii can nesa. Muryar Kaka ta fito da taushi, ko da yake ban rarrabe kalmomin ba, ga awarwaro suna amsawa a hankali duk turawa ɗaya. Na yi murna kamar yaro. Har na fara tunanin ko ajiya ce ta gyara kaset ɗin, na ƙwala wa 'yata Hadiza kira, wadda ta zo mana kwana biyu daga gidan mijinta, na ce ta zo ta ji abin mamaki.

Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba. Na ga ta ɗan runtse ido, ta cije haƙori, hannunta ya tashi zai je kunne ta mayar da shi ta gyara mayafi. Na ce, "Hadiza, ya kika ji shi?" Ta durƙusa, ta dubi ƙasa, ta ce, "Yadda ka ji shi, Baba."

Gidana cike yake da masu ladabi. Taubashi kuwa ɗaya gare ni, shi ma ya riga ni gidan gaskiya. Da ta fita na mayar da kaset ɗin zuwa farkonsa na sake kunnawa, na zauna na ji shi har ƙarshe. Wallahi daɗi gare shi.